Layin da Na Bari Fari

Kwana goma sha ɗaya muna tsintar ƙarfe
a gefen dutsen Cerro Castillo,
iska na fizge hula, ƙanƙara na cin yatsu.
Kowane guntu mun ba shi lamba,
mun kwaso su cikin buhuna zuwa rumfar jirage ta Balmaceda,
muka shimfiɗa jirgin a ƙasa kamar fatar da ake shanya.

Mutum tara ne a ciki, babu wanda ya dawo da magana.
Jirgin tsoho ne, ba shi da akwatin naɗar murya,
an ce kuɗinsa na cikin kasafin baɗi.

Ga abin da ƙarfe ya yarda ya faɗa:
allurar awon tsayi ta ƙame a ƙafa dubu shida.
Wa zai rantse kafin karo ta tsaya, ko bayansa?
Ga littafin gyara. Sau uku a wata guda
Kyaftin Leontino Cárcamo ya rubuta da hannunsa,
"Injin hagu yana tari in an yi sama."
Sau uku an amsa a ƙarƙashi,
"An duba, ba a ga komai ba."

Wani makiyayi, Evaristo Millacura,
ya miƙo mini ƙoƙon shayinsu mai ɗaci,
ya ce, "Na ji ƙarar ta sauya, kamar an shaƙe rago."
Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa, ta ce,
"Ni iska kaɗai na ji."
Na rubuta duka biyun.

Ranar yanke hukunci Janar ya ajiye tabarau a kan tebur.
"Hazo ya rufe dutse, ya gani, ya kutsa.
Me ya rage? Ku rubuta sakaci."
Na buɗe littafin ƙa'idarmu, na karanta masa a hankali:
ba a ɗora wa matuƙin da ya mutu laifi
sai in ba sauran shakka, ko ƙwayar zarra.
Ya ce, "Manjo, mai yiwuwa ne ko a'a?"
Na ce, "Mai yiwuwa ne, ranka ya daɗe."
Ya ce, "To, ya isa."
Na ce, "Mai yiwuwa ya isa mutum ya ɗauki laima,
bai isa a binne sunan mutum da shi ba."

Kada a ɗauka wanke shi nake yi.
Na san Leontino, yana da gaggawa,
ya taɓa sauka da mu cikin guguwa don kada miya ta huce.
In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.
Amma ɓeran nan yana ƙarƙashin ƙasa,
ba zai tashi ya ce, "Ku tambaye ni," ba.
Masu sayen injin suna da lauya,
masu rattaba hannu a littafin gyara suna da girma a kafaɗa,
shi kuwa akwati gare shi, da tuta.
Kaya ba ya nauyi a kan wanda ba zai ce wash ba.

Mu biyar ne. Huɗu suka sa hannu.
Layina yana nan fari har yau,
tsakanin sunan Kanar da hatimin rundunar.

Bayan wata biyu aka mayar da ni ma'ajiyar tayoyi.
Can Ismenia, matarsa, ta same ni,
da takardar da ta rage mata kuɗin fansho a naɗe cikin jaka.
Ta ce a makaranta yara na nuna 'yarta da baki.
Ta ce, "Kai ka ga ƙarfen. Shi ne ya kashe su?"

Na so in ba ta abin da ta zo nema.
Na dubi hannuna, duk baƙin roba.
Na ce, "Ban sani ba, baiwar Allah.
Su ma ba su sani ba."
Ta daɗe tana tsaye.
Sannan ta ce, "Rubuta mini wannan."